A Taimaki Asibitocinmu Su Auna Haɗarin Ambaliya Da Zafi Tun Kafin Su Auku

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da ke damuna, wanda nake ganin shugabanninmu da mu talakawa ba mu ba shi kulawar da ta kamace shi ba, wato halin da asibitocinmu ke shiga idan ruwa ya yi ambaliya ko zafi ya wuce kima. Duk lokacin da aka ta da zancen sauyin yanayi a ƙasar nan, hankalin jama'a yakan tafi ga gonaki da dabbobi da kwararowar hamada da janyewar Tafkin Chadi, kuma duk waɗannan gaskiya ne. Amma asibiti, inda ake garzayawa da wanda bango ya faɗa wa ko zafi ya kayar, shi ma gini ne da aka kafa a kan ƙasa, yana da rufi da wayoyin wuta da rijiya da masai, kuma abin da ya sami unguwar da yake ciki ba zai tsallake shi ba. Kirana shi ne a taimaka wa kowane asibiti, babba da ƙarami, ya zauna ya auna haɗarin da ke fuskantarsa a rubuce, sannan a ba shi kuɗi da ƙwararrun da za su gyara abin da awon ya nuna.

Abin da ya faru a Maiduguri ya isa hujja. A daren 9 ga Satumba zuwa wayewar garin 10 ga Satumban 2024, madatsar ruwa ta Alau da ke kan kogin Ngadda ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin da Ƙaramar Hukumar Jere. Ya shiga Fadar Shehun Borno da babbar kasuwar birnin da unguwanni irin su Gwange da Fori, ya raba mutum sama da 400,000 da gidajensu. A daidai lokacin da waɗannan bayin Allah suka fi bukatar likita, ruwan ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da Asibitin Ƙwararru na jihar. A asibitin koyarwar, wanda majinyata ke zuwa daga duk faɗin Arewa maso Gabas har da maƙwabtanmu na Chadi da Nijar da Kamaru, ruwa ya kwanta a ɗakunan ƙasa ya lalata na'urori masu tsadar gaske, ciki har da na sashen kula da masu cutar daji da na ɗakunan gwaje-gwaje da na ɗaukar hoto, har aka dakatar da yawancin ayyuka. Ba a fi 'yan makonni ba gwamnatin jihar ta sanar da ɓarkewar kwalara a farkon watan Oktoba. Ke nan bala'in ya ninka majinyata, ya kuma karya wurin da za a yi musu magani, duk a lokaci guda.

Ba na ɗora wa likitoci da malaman jinya na Maiduguri laifi, domin sun yi aiki a cikin ruwa alhali gidajen wasunsu ma sun nutse. Haka kuma ba zan ce sauyin yanayi ne kaɗai ya fasa Alau ba, domin madatsar da ba a kula da ita yadda ya kamata tana iya ɓallewa ko da damina ba ta yi tsanani ba. Sai dai akwai abu biyu da ya kamata a haɗa su wuri guda. Na farko, wannan madatsar ta taɓa yin irin wannan ɓarna a Maiduguri a 1994, shekara 30 cif kafin ta baya-bayan nan, saboda haka an san hanyar da ruwa ke bi idan ya taso, an kuma san unguwannin da ke cikin kwari. Na biyu, masanan ƙungiyar World Weather Attribution da suka yi nazarin daminar 2024 sun gano cewa ɗumamar duniya ta ƙara ƙarfin ruwan sama a yankin kogin Neja da na Tafkin Chadi da kashi 5 zuwa 20 cikin ɗari. Idan aka san ruwa ya taɓa zuwa, aka kuma san ruwan sama yana ƙara ƙarfi, to tambayar da ya wajaba a yi tun da daɗewa ita ce: wane ɗaki ne na asibitin ruwa zai fara shiga, me ke cikinsa, kuma me za a iya ɗagawa ko a kewaye da katanga? Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina madatsar Alau, abin yabo ne. Amma madatsun Tiga da Challawa da Goronyo da Bakolori da Dadin Kowa duk suna nan, kuma a ƙarƙashin kowace akwai garuruwa da asibitoci.

Ambaliya ta daina zama baƙuwa a wurinmu. A 2012 ta kashe mutum 363 a Najeriya ta raba sama da miliyan 2 da muhallansu, a 2022 kuma ta kashe sama da 600, inda Jihar Jigawa, musamman garuruwan da ke bakin kogin Haɗeja, ta sha wahala ƙwarai. A Jamhuriyar Nijar daminar 2024 ta hallaka mutum sama da 300, ta shafi fiye da miliyan ɗaya, har aka ɗage ranar komawa makaranta. A ƙarshen watan Mayun 2025, tun damina ba ta kankama ba, ruwa ya share unguwanni a garin Mokwa na Jihar Neja cikin sa'o'i kaɗan.

Zafi kuwa ya fi ruwa ɓoye ɓarnarsa, domin ba ya rushe gini balle a ɗauki hoto, kuma wanda ya kashe sai a ce hawan jini ne ko ciwon suga ko tsufa. A farkon watan Afrilun 2024, cikin azumin Ramadan, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga gawa 102 a cikin kwana huɗu na farkon watan, alhali a Afrilun shekarar da ta gabata gaba ɗayansa mutum 130 ne suka rasu a wurin, kuma yawancin mamatan dattawa ne. Bamako ba ta fi Sakkwato ko Yola ko Nguru ko Damagaram zafi da wani abin a zo a gani ba. Duk wanda ya taɓa jinya a babban asibitin ƙaramar hukuma a watan Afrilu ya san yadda ɗakin kwanciya ke zama da tsakar rana: kwano a sama, silin ya zube ko babu shi tun asali, tagogi ƙanana, fanka ba ta juyawa don babu wuta, masu jinya suna yi wa majinyaci fifita da kwali. Mai naƙuda da jariri sabon haihuwa da yaron da tamowa ta kama da tsohon da ƙodarsa ta raunana su ne zafi ke fara kayarwa, kuma su ne suka cika waɗannan ɗakunan.

Akwai kuma ɓarnar da zafi ke yi wa magani, wadda majinyaci ba ya gani. Yawancin alluran rigakafin yara sai an ajiye su tsakanin digiri 2 zuwa 8, haka ma insulin na masu ciwon suga, haka ma oksitosin, allurar da ungozoma ke yi wa mace bayan haihuwa domin mahaifa ta tsuke jini ya tsaya. Jinin da ake ƙara wa mutane yana bukatar sanyin digiri 2 zuwa 6. Idan firji ya mutu kwana biyu a tsakiyar bazara, kwalbar allura ba ta canza kama, amma ƙarfinta na iya raguwa, sai a yi wa mace allura jini ya ci gaba da zuba, a yi ta mamakin abin da ya faru. A ƙasar da zubar jini bayan haihuwa ke cikin manyan abubuwan da ke kashe mata, firjin ɗakin haihuwa kayan ceton rai ne daidai da wuƙar tiyata, kuma ya kamata a san wanda ke duba ma'auninsa safe da yamma, da inda za a kai abin da ke ciki idan ya lalace.

Wani misali daga Indiya yana nuna cewa gyaran ba koyaushe yake da tsada ba. A watan Mayun 2010 zafi ya kashe mutum sama da 1,300 fiye da yadda aka saba a birnin Ahmedabad. Hukumomin birnin suka haɗa kai da masana kiwon lafiya suka fito da tsarin tunkarar zafi a 2013, wanda ya ƙunshi sanar da asibitoci kwanaki kafin zafin ya tsananta, da horar da ma'aikata su gane alamun bugun zafi, da tanadin ƙanƙara da ruwan gishiri da suga. A wani asibitin gwamnati na birnin an lura cewa ɗakin jarirai yana hawa na ƙarshe, ƙarƙashin rufi mai baƙin kwalta, sai aka sauko da shi ƙasa aka kuma mayar da rufin fari. Mai karatu zai lura da wani abu a nan. Maganin zafi a Ahmedabad shi ne a sauko da jarirai ƙasa, maganin ruwa a Maiduguri kuwa shi ne a hau da kaya sama. Wannan ne dalilin da ya sa takarda ɗaya da za a rubuta a Abuja a rarraba wa kowa ba za ta wadatar ba. Asibitin Gashuwa da na Argungu da na Kaltungo kowanne da irin haɗarinsa, kuma sai wanda ya taka ƙasar wurin ya ga inda ruwa ke kwanciya da inda rana ke duka zai iya faɗin abin da ya dace.

Ruwa da zafi duka suna bi ta kan wutar lantarki su kama asibiti. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da Bankin Duniya da abokan aikinsu suka fitar a farkon 2023 ya nuna cewa kusan rabin asibitocin Afirka kudu da Sahara ne kawai ke da wutar da za a dogara da ita. Mu a Arewa mun ɗanɗana wannan a watan Oktoban 2024, lokacin da layukan da ke kawo wuta suka lalace aka bar yawancin jihohinmu cikin duhu sama da mako guda. Idan wuta ta ɗauke, famfon rijiyar burtsatse ya tsaya, tanki ya ƙafe, injin oksijin ya mutu, kwalbar da ake saka bakwaini ta huce, injin wankin ƙoda ya tsaya, ɗakin ajiye gawa ya fara wari. Kowa zai ce ai akwai janareta. To, ina aka ajiye janaretan, kuma man kwana nawa ke cikin tankinsa? A birnin New Orleans na Amurka, lokacin guguwar Katrina a 2005, asibitin Memorial yana da janareta, amma wasu kayan haɗa wutarsa suna ƙasa inda ruwa ya kai, wuta ta ɗauke cikin tsananin zafi, aka ƙare da gawa 45 a asibitin. A 2012 wani babban asibiti a New York ya kwashe majinyatansa cikin dare, ana saukowa da jarirai ta matakala, saboda ruwa ya shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa inda tankunan mai suke. Idan ƙasa mai arzikin Amurka ta yi wannan kuskure, to mu da yawancin janaretocinmu ke zaune a kan daɓen siminti a bayan gini, kusa da lambatu, ya kamata mu je mu duba.

Awon haɗari da nake magana a kai ba wani abu ne mai wuyar fahimta ba, kuma ba sai an ƙirƙiro shi daga farko ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da ma'aunin amincin asibiti mai tambayoyi 151, wanda ke duba ƙarfin gini, da kayan aiki irin su wuta da ruwa da iskar oksijin, da kuma shirin ma'aikata, daga ƙarshe a saka asibiti a rukunin A ko B ko C gwargwadon yadda zai iya ci gaba da aiki idan bala'i ya auku. A 2021 kuma hukumar ta fitar da wasu jerin tambayoyi masu sauƙi musamman domin haɗarin sauyin yanayi, an ware na ambaliya daban, na fari daban, na tsananin zafi daban, na guguwa daban, kowanne yana duba ma'aikata, da ruwa da tsafta da shara, da makamashi, da gini da kayan aiki. Waɗannan takardu kyauta ne. Abin da ya rage shi ne a fassara su zuwa Hausa da Kanuri da Fulatanci, a rage su daidai da ƙaramin asibiti, a kuma sami mutanen da za su ɗauke su su zagaya.

Yadda nake hango aikin, shugaban asibiti ne zai jagoranta, tare da babbar malamar jinya, da mai kula da kantin magani, da injiniya ko mai gyaran wuta, da jami'in duba gari, da wakilin kwamitin ci gaban mazaɓa. Lallai a saka maigadi da masu shara da direban motar ɗaukar marasa lafiya, domin sau da yawa su ne suka fi kowa daɗewa a wurin, su ne suka san inda ruwa ya tsaya a bango a shekarar da aka yi babbar ambaliya, da kwalbatin da ke toshewa duk damina, alhali likitan da aka turo bara bai sani ba. Su zagaya ɗaki ɗaki suna rubutawa. Katunan majinyata da kwalayen magani a ƙasa suke ko a kan kanta? Tazarar da ke tsakanin masai da rijiya nawa ce, kuma idan ramin masai ya cika ya tumbatsa ina zai malala? Ina ake zubar da allurai da audugar da aka yi amfani da su, kuma ruwa zai iya kwashe su ya shiga da su gari? Tankin ruwa zai kai kwana nawa idan famfo ya tsaya? A nan akwai ƙiyasin da za a yi aiki da shi, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce majinyacin da aka kwantar yana bukatar lita 40 zuwa 60 a rana, kowace haihuwa ko tiyata kuma kimanin lita 100, don haka lissafi ne da ɗan sakandare zai iya yi. Idan aka ce a kwashe majinyata cikin dare, wa zai ba da umarni, wa za a fara ɗauka, ina za a kai su, kuma asibitin da za a kai su ya san da maganar?

Hanya ma tana cikin lissafi, domin asibitin da ruwa bai taɓa ba amma ba a iya isa gare shi, daidai yake da rufaffe. A 2010 ambaliya ta yanke gadar da ke kai wa ga mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, a daminar 2024 kuma ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum. Ƙauyukan fadamar Haɗeja da Nguru da na bakin kogin Binuwai sukan yi makonni ba a shiga sai da kwale-kwale. Ƙaramin asibitin da ke irin wannan wuri ya kamata a cika masa kanta tun watan Yuni da maganin zazzaɓin cizon sauro, da ruwan gishiri da suga, da ruwan ƙari, da sinadarin tsabtace ruwa, da maganin dafin maciji, tunda ruwa na koro macizai zuwa tudu inda mutane ke fakewa. A kuma rubuta sunayen mata masu ciki da watan haihuwarsu ya faɗo a Agusta da Satumba, a shawarci waɗanda ake jin tsoron haihuwarsu su koma kusa da babban asibiti kafin hanya ta yanke. Ma'aikaciyar lafiya ɗaya ko biyu da ke riƙe da irin wannan wuri su ma mutane ne masu iyali, kuma idan ba a tanadar musu wurin kwana da abinci da hanyar kiran taimako ba, ba adalci ba ne a zarge su idan suka tafi.

Wani giɓi da ke ba ni takaici shi ne tsakanin masu hasashe da masu magani. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen yanayi a farkon kowace shekara, tana kuma gargaɗi a kan tsananin zafi da yanayin da ke kawo sanƙarau. Hukumar NIHSA tana fitar da hasashen ambaliya, har da sunayen ƙananan hukumomin da ke cikin haɗari. Ana yin taro a Abuja, jaridu su buga, sannan maganar ta tsaya a teburin kwamishina. Ya kamata ma'aikatar lafiya ta kowace jiha ta naɗa jami'i guda wanda aikinsa shi ne ya karɓi wannan hasashe ya mayar da shi umarni a taƙaice, ya tura wa kowane shugaban asibiti ta waya: mako mai zuwa zafi zai wuce digiri 43, a tanadi ruwa, a mayar da jarirai ɗakin da ya fi sanyi, a matsar da layin awon ciki zuwa sassafe. Mun san lokacin cututtukanmu. Sanƙarau na zuwa da ƙura da zafi, kuma wanda ya ga annobar 1996, wadda ta kama mutum sama da 100,000 a ƙasar nan, ko ta 2017 da ta addabi Zamfara da Sakkwato, ba ya bukatar a tuna masa. Kwalara na bin ruwa, kamar yadda ta kashe mutum sama da 3,000 a 2021. Abin da sauyin yanayi ke yi shi ne ya gurɓata wannan kalanda, ya tsawaita wani lokaci ya gaggauta wani, shi ya sa ba za a ci gaba da dogara da abin da aka saba kaɗai ba.

Na san za a ce asibitin da ba shi da safar hannu da isassun ma'aikata, ina shi ina zancen sauyin yanayi. Wannan magana tana da nauyi, kuma ban raina ta ba. Amsata ita ce, kusan duk abin da awon zai nuna abu ne da asibitin ke bukata ko da ambaliya ba ta zo ba: ruwa mai tsabta, wutar da ba ta yankewa, rufin da ba ya yoyo, masai mai kyau, firji mai aiki. Amfanin awon shi ne ya nuna wanne za a fara da shi, ya kuma hana a kashe kuɗi sau biyu. Ana ta gyaran ƙananan asibitoci a jihohinmu, ana shafa fenti ana kafa allo. Idan za a sake rufi, ƙarin kuɗin saka silin da buɗe tagogi da shafa farin fenti a kan kwano kaɗan ne. Idan za a gina sabon ɗaki, ɗaga harsashinsa sama da inda ruwa ya taɓa kaiwa ya fi sauƙi a ranar gini fiye da bayan an gama. Dasa darbejiya a yammacin ɗakin kwanciya ba ya bukatar kwangila.

Wasu kuma za su ce ambaliya da zafi ƙaddara ce daga Allah, kuma haka ne, babu mai musun wannan. Amma lokacin da Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya nufi Sham aka gaya masa annoba ta ɓarke a can, ya juya da jama'arsa, da aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya ce suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Shugaban da aka damƙa wa amanar majinyata, aka kuma gaya masa ruwa na tafe, ba shi da uzurin barin janareta a cikin kwari. Ina roƙon malamanmu su faɗi wannan a kan mumbari, domin maganarsu ta fi ta jami'in gwamnati shiga kunne.

Game da kuɗi, akwai ƙofofin da ke buɗe tun yanzu. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba wa aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, kuma wani kaso nasa yana zuwa kai tsaye ga ƙananan asibitoci. Ana iya sanya awon haɗari cikin tsarin aikin da kowane asibiti ke gabatarwa kafin ya karɓi kasonsa. Akwai asusun kula da muhalli da aka kafa tun 1981, wanda jihohi da ƙananan hukumomi ke samun rabonsu daga ciki, kuma ban ga abin da ya fi cancantar wannan kuɗi ba kamar katangar da za ta tare ruwa daga ɗakin tiyata. Najeriya ta yi Dokar Sauyin Yanayi a 2021, ta kuma shiga cikin ƙasashen da suka yi alkawarin gina tsarin lafiya mai jure sauyin yanayi a taron duniya kan sauyin yanayi da aka yi a birnin Glasgow a 2021, saboda haka gwamnati ta riga ta ɗaure kanta da bakinta. Jami'o'inmu da kwalejojin kimiyya suna da sassan injiniya da zanen gine-gine da nazarin ƙasa da lafiyar al'umma, kuma ɗalibansu na ajin ƙarshe, ƙarƙashin malamansu, za su iya auna tudu da kwarin kowane asibiti a jiharsu su zana taswira a matsayin aikin kammala karatu.

Attajiranmu da ƙungiyoyin ci gaban garuruwa sun nuna karamci bayan ambaliyar Maiduguri, Allah ya saka musu. Ina roƙonsu su karkata wani ɓangare na wannan alheri zuwa gabanin bala'i, su ɗauki nauyin rijiya da tanki da wutar sola a ɗakin haihuwa na garinsu a matsayin sadaka mai gudana. Sai dai a nan akwai gargaɗi. An sha kafa sola a asibitoci, bayan shekara biyu ko uku batura su mutu, ƙura ta rufe faifan, babu wanda aka koya wa gyara, babu kuma kuɗin sayen sabon batir, sai kayan su zama kwalliya a kan rufi. Duk wanda zai ba da sola, gwamnati ce ko mutum ɗaya, ya haɗa da kuɗin kula da ita na shekaru, a horar da matashi ɗan garin, a kuma ɗora batura da na'urar juya wuta a kan wuri mai tudu, a ɗaki mai iska.

Ya Edita, ku ma kuna da rawar da za ku taka. Ina roƙon ku tura wakilanku kafin faɗuwar ruwa su ziyarci manyan asibitocin ƙananan hukumomin da NIHSA ta ambata a hasashenta na bana, su tambayi shugabannin ko suna da rubutaccen shirin ambaliya da na zafi, su nemi a nuna musu inda janareta da firji da rijiya suke, su kuma buga amsar kowace jiha da sunan kwamishinanta. Haka nan ina kira ga kwamitocin lafiya na majalisun dokokin jihohinmu da kada su amince da kuɗin gina sabon asibiti ko gyaran tsoho a kasafin shekara mai zuwa sai an haɗo musu da takardar awon haɗarin wurin, ɗauke da sa hannun injiniya da na shugaban asibitin.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum,
daga Haɗeja, Jihar Jigawa.